Jawabi Kan Samun Likitan Haƙoran Yara Daga Cikinmu

Iyayenmu da 'yan'uwa mazauna Sabo, Ibadan.

Mu 'yan kasuwa ne, bari mu fara da lissafi. Haƙoran nono 20 ne, amma turmin farko na dindindin yana fitowa tun yaro na wajen shekara 6. Da yawanmu mukan ɗauka shi ma na famfara ne, sai mu bar alewa da lemon kwalba su cinye shi, alhali ba wani a bayansa.

Kula da haƙoran yara fanni ne mai zaman kansa. Bayan shekara 6 a jami'a, da shekarar sanin makamar aiki, da bautar ƙasa, likita zai ƙara wasu shekarun a asibitin koyarwa kamar UCH, sannan ya ci jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin, Legas.

To jama'a, tafiyar da nisa. Amma yaron da ke kukan haƙori, da harshen uwarsa ake lallashinsa. Mu sa hannu a aljihu, mu tsaya wa 'ya'yanmu masu wannan karatu, maza da mata. Kada mu janye su zuwa rumfa tun ba su kai gaci ba. Allah Ya ba mu iko.