Tikitin Caca Da Begen Manomi

Karatunmu na yau yana cikin Wasiƙar Yakubu, sura 4, daga aya 13 zuwa 15. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, sai ya buɗe ya bi mu.

A wannan wuri Yakubu yana magana da waɗansu 'yan kasuwa da suka zauna suka tsara shekara guda cif: garin da za su, kwanakin da za su yi, har da ribar da za su ci. Bai tsauta musu domin suna kasuwanci ba. Laifinsu shi ne sun yi lissafi kamar gobe tana cikin aljihunsu, suka bar Allah a waje. Sai ya kwatanta musu ran mutum da hazo, domin su san iyakarsu.

Abin da ya kawo mu ga wannan nassi shi ne kakar ƙwallon ƙafa. Kowace shekara in watan Agusta ya kama, Gasar Firimiya ta Ingila takan soma. Ƙungiyoyi 20 ne, wasanni 380, ana yi har watan Mayu. Gidajen kallo a Jos da Kaduna da Gombe da Yola sukan cika maƙil. Mu ma mukan kalla, ba ma ɓoyewa. Mun yi murna sa'ad da 'ya'yan Jos, Mikel Obi da Ahmed Musa, suka buga a can. Ƙwallo ba zunubi ba ne.

Amma tun kafin alƙalin wasa ya busa usur na farko, kamfanonin caca sun riga sun baza hajarsu: wa zai ɗauki kofi, wa zai fi zura ƙwallo, waɗanne uku ne za su faɗa ƙaramar gasa. Mu da muka manyanta muna tuna lokacin da sai mutum ya je kiyos ya cika takarda da biro, yana neman wasannin da za a tashi kunnen doki. A lokacin akwai kunya, gama ana ganin mai shiga. Yanzu kuwa cacar tana cikin waya, wayar tana cikin aljihu, har cikin majami'a takan shigo tare da mu.

Bari mu duba ko gwanayen hasashe sun san gobe. Kafin kakar 2015 zuwa 2016, kamfanonin caca a Ingila sun ce duk wanda ya zuba kuɗi a kan Leicester City za ta ɗauki kofi, za su biya shi ninki 5,000. Wato sun ɗauka abu ne da ba zai yiwu ba, domin a kakar baya da ƙyar ƙungiyar ta tsira daga faɗuwa. Ga shi kuwa ita ta ɗauka, ta ba Arsenal tazarar maki 10. Chelsea da ke riƙe da kofin ta ƙare ta 10. Kociyan da ya yi wannan abin mamaki, Claudio Ranieri, an sallame shi a Fabrairun 2017, shekara ba ta ko zagayo ba. Haka kuma Manchester City ta ɗauki kofi sau huɗu a jere, daga 2021 zuwa 2024, mutane da yawa suka ce na biyar ma nata ne. A Satumban 2024 gwiwar ɗan wasanta Rodri ta samu rauni, ƙungiyar ta ƙare ta uku, Liverpool ta ɗauka. Ashe da gaskiyar Hausawa da suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Wani saurayi zai ce, "To, Baba Fasto, ai labarin Leicester ya nuna ana ci." Ɗana, ana ci, amma bari mu yi lissafi. A ce ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya. Kai ka sa naira 1,000 a kan wannan, abokinka ya sa 1,000 a kan waccan. Da rabon gaskiya ne, wanda ya ci zai kwashi 2,000. Kamfani kuwa zai ba shi kamar 1,900, ya riƙe 100. Ko wa ya ci, kamfani ya ci. Sa'an nan ga dogon tikiti da matasanmu suka fi so, mai wasanni goma. A ce kai gwani ne, cikin kowane hasashe goma kana dacewa da bakwai. Kafin goman nan su dace gaba ɗaya a tikiti guda, damarka ba ta kai uku cikin ɗari ba. Shi ya sa kullum kukan ɗaya ne: "Wasa ɗaya ne ya ɓata mini." Haka aka gina abin, domin ka ga kamar saura kaɗan, ka koma mako mai zuwa.

Su kansu masu ƙwallon sun ga ɓarnar. A 2023 an dakatar da Ivan Toney wata takwas, aka dakatar da Sandro Tonali wata goma, saboda karya dokokin caca. Waɗannan mutane ne masu albashin da ba mu taɓa mafarkinsa ba, duk da haka jarabar ta kama su. A shekarar ce kuma ƙungiyoyin gasar suka amince su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025 zuwa 2026. In masu dafa abinci sun soma toshe hanci, mai ci sai ya yi hattara.

A wata ikilisiya da muka yi hidima, wata 'yar zumuntar mata ta zo gidanmu da sassafe a watan Satumba. Kuɗin makarantar yara da suka tara tun rani sun ɓace. Muka kira maigidan, mutum mai ƙwazo, mai waƙa a ƙungiyar mawaƙa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, so na yi in ninka su kafin a koma makaranta." Da kashin farko ya tafi, sai ya sa na biyu domin ya dawo da na farko, daga nan ya ci bashi. Matar ta ce, "Baba Fasto, kuɗin ba su yi mini zafi kamar ƙaryar da ya yi ta yi mini ba." Yaran sun yi zango guda a gida. Ya tuba, ya kuwa yi shekara biyu yana biyan bashin, amma ya gaya mana da bakinsa cewa duk ranar Asabar sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Garin neman gira ya kusa rasa ido.

Za mu faɗi gaskiya, babu ayar da ta ambaci cacar ƙwallo da suna. Amma Littafi Mai Tsarki bai yi shiru a kan tushenta ba. Cikin 1 Timoti sura 6, Bulus ya yi gargaɗi a kan son kuɗi da ɗokin yin arziki, ya yabi wadar zuci. Littafin Misalai sura 13 ya gwada dukiyar da aka samu a banza da wadda aka tara kaɗan-kaɗan, ya nuna wadda take daɗewa. Mu tuna kuma da sojojin da suka jefa ƙuri'a a kan rigar Ubangijinmu a gindin gicciye. Ceton duniya yana faruwa bisa kansu, idonsu kuwa yana ƙasa a kan abin da za su samu.

Mu masu wa'azi ma muna da namu laifin. Mun yawaita yi wa jama'a alkawarin arzikin dare ɗaya, har waɗansu suna ɗora hannu a kan tikiti suna addu'a, suna yi wa Allah alkawarin zakka in sun ci. 'Yan'uwa, kuɗin da za ka ci ɗin daga ina za su fito? Daga aljihun dubban da suka fāɗi, cikinsu har da maƙwabcinka. Yaya za ka roƙi Uba ya kwashe na ɗan'uwanka ya ba ka?

Yakubun nan da ya tsauta wa 'yan kasuwa, a sura 5 ya nuna mana manomi mai haƙurin jiran ruwan sama. Watan da gasar take somawa, shi ne tsakiyar daminarmu. Manomi ma bai san gobe ba, yana iya yin hasara. Amma ya yi huɗa, ya yi shuka, ya yi noma, ya bar sauran ga Mai ba da ruwa. In gonarsa ta yi kyau, babu wanda ya yi kuka dominsa, hatsi ya ƙaru a gari, har maraya ya samu. Irin wannan bege ne ya dace da mai bi.

Saboda haka kafin kakar nan ta soma, ga roƙonmu. Wanda bai taɓa ba, kada ya gwada ko da naira 100. Wanda ya riga ya shiga, ya daina bin abin da ya tafi, ya goge manhajar daga wayarsa, ya faɗa wa matarsa ko wani dattijon ikilisiya gaskiyar bashin da ke kansa. Iyaye da dattawa, in yaro ya zo ya furta, kada mu kunyata shi a gaban jama'a, mu kama hannunsa. Shugabannin matasa, ku kalli wasa tare, ku yi gardamarku ta Arsenal da Chelsea, ku tashi aljihunku lafiya, ranar Lahadi kuma mu gan ku a sujada.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, gobe a hannunka take. Ka gafarta mana kwaɗayinmu. Ka kwance waɗanda caca ta ɗaure, ka ta'azantar da gidajen da ta raunana, ka ba matasanmu aikin yi, ka sa albarka ga aikin hannuwanmu. Ka koya mana wadar zuci da haƙurin manomi. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Ubangiji ya kiyaye ku.