Tsarabar Hannu Ta Fi Ta Kanti: Jawabi A Taron Shekara Na Tsofaffin Ɗalibai A Wamakko



Mai girma shugaban taro, shugabannin wannan ƙungiya tamu mai albarka, iyayenmu malamai waɗanda suka sha wahalarmu, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro iyali lafiya.

Kwamitin shirya taro ya ɗora mini nauyin yin magana a kan kyauta da tsaraba, musamman waɗanda mutum zai iya haɗawa a gida ba tare da ya kashe kuɗi mai yawa ba. Na san wani zai ce a ransa, ga ajujuwa na neman gyara, ga ƙarancin littattafai, me ya kai mu zancen tsaraba? To, dalilin shi ne, zumunci ne ya kafa wannan ƙungiya, kuma babban abin da ke yi wa zumunci illa a yau shi ne kunyar zuwa hannu rabbana. Abokin karatunka ya yi haihuwa, ka ji labari, amma ka ƙi zuwa barka domin ba ka da kuɗin turmin atamfa. Malaminka yana kwance ba lafiya, ka ce sai an yi albashi za ka je dubiya. Albashi ya zo ya wuce, kunya ta ƙaru, shekara ta zagayo, har wata rana ka ji sanarwar rasuwarsa a rediyo. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, mu kuwa mun mayar da shi aljihu.

Ba na musun cewa rayuwa ta yi tsada. Manyan cikinmu sun ga yadda darajar naira ta fara zubewa tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Ƙananan cikinmu kuma sun ga abin da ya biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Sai dai abin mamaki, aljihu yana ramewa, gasar kyauta kuma tana ƙiba. Gudummawar biki ta koma tamkar bashi, ana rubuta ta a littafi, wadda ta kawo miki dubu biyar tana jiran ki mayar mata da dubu goma. A irin wannan hali talaka ba ya da zaɓi sai ɗayan biyu, ko ya ci bashi ya fita kunya, ko ya ɓuya a gida. Duka biyun babu na ɗauka.

Addininmu bai ɗora mana wannan nauyi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da mu yi wa juna kyauta domin ƙauna ta ƙaru, ya kuma gargaɗi mata kada maƙwabciya ta raina abin da za ta aika wa maƙwabciyarta, ko da ƙafar akuya ce. Ashe abin dubawa shi ne zuciyar da ta bayar.

Tarihin ƙasarmu ma haka ya nuna. An ruwaito cewa Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana tufkar igiya da hannunsa domin ya ci guminsa. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi kira ga shugabanni su kula da masu sana'a, su zaunar da su a garuruwa. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, idan za ta naɗa jaji, wato jagorar matan 'Yan Taru da ke kai ilimi ƙauyuka, abin da take ba ta shi ne malfa da jan ƙyalle da ake ɗaurawa a kanta. Malfar saƙar hannu ce, amma duk garin da aka gan ta an san mai ita ta zo da izni da daraja.

Ku dubi kuma fatar jar akuyar Sakkwato. Majemanmu suna jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Ayarin raƙuma suka riƙa ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka laƙaba mata sunan fatar Maroko, ana yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, da ya shiga kasuwar Sakkwato a 1853 ya yaba taushin fatar da kyawun jakunkuna da matasan da dukawanmu ke ɗinkawa. Abin da baƙo ya yi tafiyar watanni ya zo ya yaba, shi ne yau muke tsallakewa mu je kanti mu sayo bokitin roba ko agogon bango da zai tsaya kafin shekara.

Yanzu bari in kawo misalai, domin kada maganar ta tsaya a baki.

Na farko, kayan kicin, kuma a nan iyayenmu mata sun fi ni sani. Yajin jego da aka daka da barkono da citta da kanumfari da masoro da kimba, aka tankaɗe, aka zuba a kwalba mai tsabta, ya fi wa mai jego amfani a kan kwalin sabulu na biyar da za a jibge mata a ɗaki. Garin kunu da ɗan ƙullin tsamiya tsaraba ce ta dubiya da ta azumi. Ga dakuwa, ga alkaki, ga nakiya, ga soyayyar gyaɗa a kwalba ta kai wa yara. Sirrin araha a nan shi ne sanin lokaci. Idan kayan fadamunmu na Wamakko da Kwalkwalawa suka fito, albasa da tumatir da tattasai suka yi arha, a saya a yanka a shanya. Kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa da aka ajiye tun rani, idan aka kai wa gida mai yawan baki a tsakiyar damina, sun zama babbar kyauta. Sharaɗi ɗaya ne, a tabbata sun bushe sarai kafin a rufe, a kuma shanya a kan tabarma mai tsabta nesa da ƙura, domin danshi shi ke kawo fumfuna.

Na biyu, kayan saƙa da ɗinki da ƙira. Faifan da aka saƙa da kaba mai rini yana rufe ƙwarya, yana kuma ƙawata bango. Mafici kuwa, wanda ya san zafin Afrilu a ƙasar nan, lokacin da awon zafi ke haura 40, ga wuta ta ɗauke, ba zai raina shi ba. Randa ko tulu suna sanyaya ruwa ba tare da lantarki ba, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa ya tafi da zafin. Wanda ya iya ɗinkin hula ya ɗinka wa amininsa. Wanda bai iya komai ba, ya shiga cikin birni wajen dukawa ya sa a ɗinka masa alabe ko gafaka, a rubuta sunan wanda za a ba a jiki, ko ya leƙa Maƙera Asada ya sayi wuƙar kicin ko fartanya. Yin haka riba biyu ce, ka faranta wa ɗan'uwanka, kuɗinka kuma ya shiga gidan mai sana'ar garinku ya ciyar da 'ya'yansa.

Na uku, wanda na fi so a yi la'akari da shi, shi ne dashe. Ledar ruwan da muke yarwa a titi, idan aka yanke bakinta, aka huda gindinta, aka cika ta da ƙasa da rairayi da ruɓaɓɓen taki, ta zama wurin renon iri. A sa ƙwallon mangwaro, ko irin zogale, ko na gwaiba, ko darbejiya, a riƙa ba shi ruwa a inuwa, sai a dasa idan damina ta kankama wajen Yuli. Zogale cikin 'yan watanni za a fara cin ganyensa. Ranar suna ka kai dashen mangwaro, yaro ya girma tare da itacensa, ana ce masa abokin babanka ne ya kawo. A ƙasa irin tamu da hamada ke matsowa, ban san kyautar da ta kai wannan daɗewa ba, ga kuma lada mai gudana.

Na huɗu, kyautar da ba a naɗewa a takarda. A cikinmu akwai likita, akwai injiniya, akwai tela, akwai makanike, akwai malamin lissafi. Awa ɗaya da za ka zauna da ɗan marigayi abokin karatunka kana shirya shi jarrabawa, ko ka gyara wa tsohon malaminka famfo, ko ka auna masa hawan jini, kyauta ce da kuɗi ba su saye.

Kafin a ba da kowace irin kyauta, akwai ladubba uku. A san buƙatar wanda za a ba, kada a kai wa mai ciwon sukari alkaki. A tsabtace abin a kyautata shi, domin araha ba ta nufin ƙazanta ko ha'inci. Ɗan ƙyallen da ya rage wajen tela ya isa a naɗe kwalba, a haɗa da gajeriyar wasiƙa da rubutun hannu. Sannan kada a yi gori, kada kuma a jira ramuwa. Shi ma wanda aka ba yana da nasa aiki, domin yaba kyauta tukuici. Ranar da muka daina yamutsa fuska idan an kawo mana ƙaramin abu, ranar ce talakan cikinmu zai daina gudun gidajenmu.

Saboda haka ina gabatar wa ƙungiya shawarwari uku. Ɗaya, kyaututtukan da muke ba ɗalibai masu ƙwazo da malaman da suka yi ritaya su zama aikin masu sana'ar ƙasar nan, kamar jakar littattafai ta fata. Biyu, kowane aji ya ɗauki nauyin ziyartar tsofaffin malamansa sau ɗaya a shekara da abin da ya sawwaƙa, kuma kada a hana kowa shiga ayari don bai kawo komai ba. Uku, a taro mai zuwa kowannenmu ya zo da dashe ɗaya da ya rena da hannunsa, mu dasa a harabar makaranta, a damƙa wa ɗalibai kula da shi, a kewaye shi saboda awaki.

Iyayenmu malamai, ku da kuka koya mana aikin hannu tare da karatu, ba mu da abin biyanku sai addu'a. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinku da cikinmu. 'Yan'uwana, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wanda ya san akwai ƙofar da ya daɗe bai yi sallama a bakinta ba, ya je cikin makon nan da abin da ke hannunsa, ko da ƙullin yaji ne.

Allah ya ƙara mana zumunci, ya mayar da kowa gidansa lafiya.