JAWABI A KAN RUWAN RIJIYA DA ABIN DA YA FARU A AKOKAN



Iyayenmu dattawa, ƴan uwa ƴan ci-rani da kuka zo ganin gida, muna yi muku barka da zuwa. Maganarmu ta yau a kan ruwa take, wanda ke kwance ƙarƙashin ƙasa, wanda rijiyoyinmu ke sha.

Da yawa cikinku sun san Arlit, wasu ma can suka ci ƙuruciyarsu wajen neman abinci. Kusa da ita, a Akokan, kampanin COMINAK ya soma fitar da iraniyom a 1978, aka rufe shi ran 31 ga Maris 2021. Ga yadda aikin yake: a haƙo dutse, a niƙe, a jiƙa shi da ruwan asid, a cire iraniyom, a zubar da dusar. Wannan dusa ta taru har wajen tan miliyan 20, tudu guda mai cin hekta 120. Akwai sauran guba cikinta, wadda ba a ganinta, ba a jin warinta. In ruwa ya ratsa ta, sai ya tsiyaya ƙasa sannu sannu har ya iske ruwan da mutane ke sha.

A watan Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta ɗebi ruwa wuri 5 a yankin Arlit aka auna. Wuri 4 iraniyom ɗinsu ya wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka. Shi kuwa iraniyom cikin ruwan sha, ƙoda yake ci. An kuma iske tsoffin ƙarafan ma'adini masu guba ana sayarwa a kasuwar garin.

Bayan rufewa, kampanin ya tsara binne tudun da yumɓu da duwatsu kaurin mita 2, aikin shekara goma, kuɗinsa kimanin miliyar 95 na sefa. To, ku lura: rufe sama yana tsare iska da ruwan sama, amma abin da ya riga ya sauka ƙasa ba a share shi da tsintsiya.

Me ya haɗa wannan da Guci? Can arewa ruwa yana da nisa, duk da haka guba ta iske shi. Mu nan ƙasar Magariya da Dungas, cikin kwaruruwan Korama, yashi ne, ruwa kusa yake, shi ya sa muke noman rake da lambu. Abin da aka zubar bisa yashi ba ya daɗewa bai kai rijiya ba.

Kada kuma garai-garai ɗin ruwa ya ruɗe mu. A Tibirin Maradi, fanfon da aka buɗe a 1985 ruwansa fari tas, amma wani gishirin ƙasa da ake ce wa fuliyo ya yi yawa ciki. Dubban yara suka tashi da haƙora ja da ƙafafu a lanƙwashe.

Saboda haka ga roƙonmu:

Na ɗaya, ƴan ci-rani, kada a kawo mana tano, bututu ko ƙarfen da ba a san asalinsa ba daga wajen ma'adini, balle a zuba ruwa ko a ƙera tukunya da shi.

Na biyu, baƙin man inji, tsohon batir da bidon maganin ƙwari, kada a zubar ko a wanke su bakin rijiya.

Na uku, salga da turken dabbobi su yi nesa da rijiya, mita 30 ko fiye.

Na huɗu, duk sabuwar rijiya ko fanfo, mai gari da dattawa su nemi ma'aikatar ruwa ta auna, a ba mu takardar sakamako mu ajiye a lakkol.

Rijiyar da kakanninmu suka bar mana amana ce, ƴaƴanmu za su sha bayanmu. Allah ya tsare mana ita, ya mai da matafiya lafiya.