Da Kuɗin Wa Bature Ya Shimfiɗa Hanyar Jirgin Ƙasa?

Wasiƙar da muka ɗauko yau ta fito ne daga wani manomi, mai sayen hatsi, a ƙasar Ƙauran Namoda. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce gardama ce ta sarƙe a rumfarsu ran kasuwa. Wasu na cewa Turawan mulkin mallaka da kuɗin ƙasarsu suka yi mana hanyar jirgin ƙasa da gadoji da ruwan famfo, sadaka. Wasu kuma na cewa ina, ba haka aka yi ba. Shi ne yake so mu raba musu gardama.

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Amsar ita ce, mafi yawan kuɗin daga cikin ƙasar nan suka fito, wato daga aljihun kakanka da kakan abokin gardamarka. Ƙa'idar gwamnatin Ingila a wancan zamani ita ce kowace ƙasa da ke ƙarƙashinta ta ɗauki nauyin kanta. Bari mu bi maka abin daki-daki.

Mu fara da jirgin ƙasa. A shekarar 1907 aka kawo wani Gwamna mai suna Jiruwad, mutumin Kanada, injiniya ne da ya taɓa yin aikin dogo a Sudan. A zamaninsa aka soma shimfiɗa hanya daga Baro, a bakin kogin Kwara, ta bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ta isa Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Tsawonta mil 350 da 'yan kai, kuma ta ci fam fiye da miliyan ɗaya. A lokacin gwamnatin Arewa ba ta da wannan kuɗi. Hasali ma ko albashin ma'aikatanta ba ta iya biya sai Ingila ta agaza mata duk shekara, wannan gaskiya ne, ba za mu ɓoye ba. Kuɗin dogon kuwa, gwamnatin Kudancin Nijeriya aka ɗora wa nauyinsu, domin ita ke da tashar jiragen ruwa da kuɗin kwastan, wanda kaso mai tsoka nasa daga barasar da ake shigowa da ita yake fitowa. Wannan lissafi na kuɗi yana cikin manyan dalilan da suka sa Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, don Ingila ta huta da tallafin.

Sauran hanyoyin da aka yi daga baya, yawancinsu da bashi aka yi su. A je Landan a ciyo, da ruwa, Nijeriya ta riƙa biya. Ƙarfen dogo da kan jirgi da taragai kuma a masana'antun Ingila ake sayen mafi yawansu. Ka ga ke nan kuɗin sun koma inda suka fito, an bar mu da biya. Da farashin amfanin gona ya faɗi bayan 1929, gwamnati ta dakatar da sababbin ayyuka, ta rage ma'aikata, amma biyan bashi bai tsaya ba.

Sannan Malam, ban da kuɗi akwai gumi. Wa ya sare daji, wa ya ɗauki ƙasa a kwando a ka? Talakawa ne. Joji ya gaya wa Sarki yawan mutanen da ake so, Sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya shiga gida-gida. Ana biyan ɗan abin da ba a rasa ba, amma ba a tambayi mutum ko yana so ba, kuma kuɗin da ya samo sau da yawa haraji suke komawa. Dattawa ba su manta da ɗiban gwamna ba, wanda aka yi daga 1942 zuwa 1944, lokacin yaƙin Hitila, aka kwashi dubban magidanta zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos, da yawa sanyi da cuta suka kashe su a can.

Yanzu ka dubi inda hanyoyin suka bi, za ka gane manufar. Daga Zariya aka ja ƙaramin dogo zuwa Bukuru, aka gama a 1914, saboda kuza. Daga Fatakwal aka ja zuwa Inugu a 1916, saboda gawayin kwal. Taku ta Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda an kammala ta a 1929, ta Kano zuwa Nguru a 1930, duka saboda gyaɗa da auduga da fatu. Kowace hanya bakin teku ta nufa. Sakkwato da Katsina, duk da girmansu da yawan jama'arsu, har Bature ya tafi a 1960 ba su ga jirgi ba.

Wani abin sha'awa, Turawa auduga suka sa rai jirgin zai kwaso wa masaƙunsu. Manoman Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma in shekara ta yi tsanani ana iya cin ta. Fatake irin su Alhasan Ɗantata suka shiga saye, cikin 'yan shekaru gyaɗa ta mamaye tashar Kano. Dalar gyaɗar nan ma da ake alfahari da ita, wani ɓangare na dalilinta shi ne jirgin ya kasa kwashe kayan a kan kari, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, sai aka riƙa tara buhuna ana jiran tarago.

Ayyukan cikin gari kuma, irin su rijiyoyi da kasuwanni da ɗakunan shan magani da hanyoyin rani, Baitulmalin En'e ne ke yi. An fara Baitulmali a Katsina, sannan ya bazu zuwa sauran masarautu. Kuɗinsa haraji ne da jangali, da farko rabi na En'e, rabi na gwamnati. Babban misali shi ne ruwan famfo da lantarkin birnin Kano, wanda aka jawo daga Chalawa aka buɗe a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. En'e ta Kano ce ta biya daga ajiyarta, wato daga harajin Kanawa, har da na ƙauyukan da ba su taɓa ganin famfon ba.

Sai can ƙarshe-ƙarshe Ingila ta saki hannu. Ta yi dokokin raya ƙasashen da take mulka a 1940 da 1945, aka tsara wa Nijeriya shirin shekara goma daga 1946 na fam miliyan 55. Ingila ta ɗauki miliyan 23, sauran daga haraji da bashi. A 1949 kuma aka kafa hukumar sayen gyaɗa, wadda ke yanka wa manomi farashi ƙasa da na kasuwar duniya ta ajiye rarar. Da irin wannan rara aka yi hanyoyi, aka kuma sa jari a masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957.

To Malam, ga yadda za ka raba gardamar. Wanda ya ce jirgi ya amfane mu bai yi ƙarya ba: tafiyar da ayari ke yi wata da watanni ta koma ta kwanaki, goro da gishiri suka samu, garuruwa irin su Kaduna da Gusau da Funtuwa suka bunƙasa. Amma wanda ya ce kyauta ce, ya yi kuskure. Da ruwan ciki aka ja na rijiya.

Abin da muke so ku riƙe, jama'a, shi ne wannan lissafi bai canza ba don Bature ya tafi. Dogon Maiduguri da aka gama a 1964 da rancen Bankin Duniya aka yi shi, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da rancen ƙasar Sin. Duk ranar da aka kawo muku gada ko rijiyar burtsatse aka ce gwamnati ta ba ku, ku yi godiya, amma ku sani da kuɗin tikitin kasuwarku da harajinku aka yi, ko da bashin da 'ya'yanku za su biya. Haƙƙinku ne ku tambayi kansila ko ciyaman nawa aka kashe, wa aka ba kwangilar, me ya sa aka yi ta nan ba can ba. Kakanninku ba su da bakin yin wannan tambaya, ku kuna da shi.

Muna fata mun gamsar da kai, Malam. Ka gaishe mana da 'yan rumfa baki ɗaya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa a sayar da riba.