Layar Fir'auna da Layar Dajin Kamuku

A 1922 aka gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a Masar. Da aka kwance likkafaninsa a 1925, sai ga layu da kayan ado sama da 100 a jikinsa, wai su tsare shi a hanyar lahira. A wurin Misirawan dā, mai hidimar gunki shi ne boka.

A Birnin Gwari ma, maharbi ba ya shiga dajin Kamuku sai da guru a ƙugu, kambu a damtse, ya kuma sha maganin ƙarfe. Malamai sun daɗe suna jan kunne a kai. Ni kam abin da ke ci mini rai shi ne ɗan sa-kai, yaro ɗanye, da ke tunkarar masu AK-47 da bindigar toka da irin waɗannan layu, domin ba a ba garinsu isassun jami'an tsaro ba.