Asalin Jirgin Yaƙi na Ƙarƙashin Ruwa

Matsaloli uku suka sha wa maƙeran farko kai: yadda jirgi zai nitse ya kuma taso, abin da zai tura shi, da iskar da matuƙa za su shaƙa. Ta farkon an warware ta da tankuna, wato a cika su da ruwa jirgi ya nitse, a fitar da ruwan ya taso.

Wajen 1620 Cornelis Drebbel, mutumin Holan, ya gwada na katako lulluɓe da fata a kogin Thames, ana tuƙa shi da filafili. A 1864 Hunley, jirgin 'yan tawayen kudancin Amurka, ya nitsar da na abokan gaba, amma shi ma ya halaka da mutanensa takwas. Daga bisani John Holland ya haɗa injin fetur domin tafiyar sama da batir domin ta ƙasa. Sojan ruwan Amurka suka sayi jirginsa a 1900.

Kada manomin Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ya ce ba ruwansa. Audugar da kakanninsa suka kai Funtuwa ta teku take isa Ingila, kuma a bisa wannan hanya Jamusawa suka nitsar da jirgin Falaba a 1915, mutum 104 suka rasu.