Kula da Zaren Fatsa da Keken Naɗe Shi

Yanzu da amfanin gona ya zo gida, da yawa daga cikinku za su koma bakin ruwa neman na cefane. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, da ta Tiga a 1974, manoma da dama waɗanda ba su gaji su ba sun zama masunta da rani. To, a kan kayan fatsa zan yi magana yau, watau zaren roba da keken da ke naɗe shi a jikin sanda.

Bara a bakin Tiga na ga wani manomi ya sami giwan ruwa. Ya daɗe yana fama da shi, sai da ya jawo shi dab da gaɓa, zaren ya ce ɓat. Da na duba ragowar zaren, sai na ga ya yi fari, ya bushe. Ashe tun damina yana rataye a jikin danga, rana tana dukansa. Kifin da kuɗinsa zai rage masa nauyin sayen taki ya tafi da ƙugiya a baki. Kada haka ta same ka.

ABUBUWAN DA KE KASHE ZARE

Na farko rana. Haskenta yana cin zaren roba a hankali har ya rasa ƙarfi, ko da ido bai gani ba. Na biyu gogayya da dutse, da itacen da ke ƙarƙashin ruwa, da yashi. Na uku daɗewa a naɗe. Zaren da ya daɗe a kwarkwaro yakan fito a lanƙwashe kamar igiyar ƙunduwar kabewa, in ka jefa ba ya nisa, sai ya harɗe.

MAN GYARAN ZARE

A Amurka akwai masu fatsar wani kifi da suke kira bas, mai kama da ƙaramin giwan ruwa. Su kan yi jifa ba iyaka a yini guda, saboda haka sukan fesa wa zare wani mai na musamman. Aikinsa shi ne ya sa zaren ya yi santsi da laushi, ya wuce ta cikin zobban sanda ba tangarɗa. Idan ka sami irinsa, ka fesa kaɗan a kan kwarkwaro tun da dare, ya kwana, da safe ka fita. Amma ka sani, man ba ya ta da zaren da ya riga ya mutu.

Idan ba ka samu ba, ga abin da za ka yi:

1. Ka jiƙa kwarkwaron zaren cikin ruwa mai ɗan ɗumi, ba mai zafi ba, kamar minti 15. Zaren roba yana shan ruwa, ya yi laushi.
2. Ka ɗaura bakin zaren a jikin itace, ka ja da baya kamar taki 30, ka ja shi a hankali har ya miƙe, sa'an nan ka naɗe.
3. Ka bi zaren da yatsu biyu. Duk inda ka ji kaushi, ka yanke daga nan. Gaba biyu na kusa da ƙugiya su suka fi shan wahala.
4. Kafin ka ƙulle ƙulli, ka jiƙa shi da miyau. Busasshen ƙulli yana ɗaukar zafi in an ja shi, nan ne kuwa zare ya fi tsinkewa.

Kada ka shafa wa zare kananzir, ko fetur, ko baƙin mai, ko man korar sauro. Wasu suna lalata roba, dukansu kuwa suna ɓata ruwan da mu da dabbobinmu muke sha.

SA WA KEKE MAI

Keken zare kamar keken ɗinki yake, yana son mai amma ba ya son a cika masa. Iri biyu ake sa masa, kowane da wurinsa.

Giris na haƙoran giya ne da ke ciki. Ka buɗe murfin, ka goge tsohon giris da tsumma da tsohon buroshin haƙori, ka shafa sabo kaɗan, kamar ƙwayar dawa. Sau ɗaya a shekara ya isa.

Mai marar kauri na boris ne, da mariƙi, da ɗan gangan da zare ke bi ta kansa. Ɗigo ɗaya a kowane wuri. Man keken ɗinki yana yi. Ban da man gyaɗa, ban da manja, don in sun daɗe sai su yi danƙo su riƙe keken.

Mai in ya yi yawa yana kama ƙura, musamman da hunturu. Ƙura da mai in sun haɗu, cin ƙarfe suke yi kamar dutsen wasa wuƙa. Don haka ka goge duk wanda ya malalo, kada kuma ka ajiye keke a kan yashi.

Akwai birkin keke, wanda ke sakin zare kaɗan kaɗan in babban kifi ya fizga. Kada man keken ɗinki ya taɓa shi. In ka tashi daga su, ka sassauta shi, don in ya kwana a matse kullum, ran da giwan ruwa ya ja sai ya ƙi saki, zare ya tsinke.

BAYAN AN DAWO GIDA

Ka ɗauraye zare da keke da ruwa mai tsabta a hankali, kada ka tsoma keken ciki. Ka shanya a inuwa. Ka zura ɗan ƙullin auduga ta cikin kowane zoben sanda. In audugar ta maƙale, zoben ya tsage, shi ke yankar maka zare, sai a sake shi. Sa'an nan ka sa kayan cikin jaka, ka rataye a ɗaki nesa da murhu. Wanda ba shi da keke, yana naɗe zarensa a jikin itace ko gwangwani, shi ma wannan ka'ida ta hau kansa, har da mai mamari. Idan kana su kullum, ka sake zare kowace shekara.

Wanda ke da tambaya ya nemi malamin gona ko jami'in kifi na yankinsa. Allah ya ba da sa'a, ya kare mu daga sharrin ruwa.